Gadar Yola: Laifin Ruwa Ne Ko Laifin Hannu?

 

An nemi in yi magana kan gadar Yola, wadda ta haɗa mutanen Karaye da na Rogo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafi da damina, buhun masara a bayan babur ko mai naƙuda a cikin mota, yana duban ruwa yana duban ƙetare, ya fi ni sanin muhimmancinta. Abin da na zo da shi ɗaya ne: idan gada ta lalace, mun cika ɗora wa ambaliya laifin da ba nata ba ne ita kaɗai.

Ruwan wannan yanki ba baƙo ba ne. A ƙasar Karaye aka gina madatsar Challawa tsakanin 1990 da 1992, mai tsayin mita 42, wadda ke ɗaukar ruwa fiye da mita kubik miliyan 900. Ba a kafa irin wannan madatsa sai inda aka auna, aka tabbatar ruwa yana sauka da yawa. Mun kuma ga yadda madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988. To wanda aka ba aikin gada a nan, sannan ya ce ruwa ya ba shi mamaki, bai faɗi gaskiya ba.

Ku lura, ruwa ba kasafai yake karya gada daga sama ba. Gindi yake bi. Idan ya taho da ƙarfi ya daki ginshiƙi, sai ya riƙa juyawa yana kwashe yashin da ke kewaye da shi, kaɗan-kaɗan, har ginshiƙin ya rasa abin dogaro. Mai wucewa a sama ba ya ganin komai, kwalta lafiya lau, alhali ƙasa ta zama rami. Wuri na biyu shi ne cikon da ya haɗa gada da titi. Ƙa'ida ita ce a zuba jar ƙasa hawa-hawa, a jiƙa, a bi da rola a danne kowane hawa, sannan a jera duwatsu a ɗaure su don kare gefe. Idan tifa ta juye ƙasa gaba ɗaya aka shafa kwalta a kai, damina ɗaya ta isa. Shi ya sa sau da yawa za ku ga gada tana tsaye, amma hanyar hawanta ta tafi.

Sai maganar kankare, kuma nan ne zuciyata ta fi ɓaci. Kowane birkila a cikin wannan taro ya san abin da ke faruwa idan aka rage siminti, ko aka kwaɓa da yashi mai laka, ko aka sa rodi siriri a inda ake buƙatar mai kauri. Kankare yana son ban ruwa na aƙalla mako guda, kuma sai ya kai kwana 28 kafin a auna cikakken ƙarfinsa. Wanda ya cire katako da wuri don a buɗe hanya kafin zuwan manya, ya sayar da rayukan mutane saboda bikin yini ɗaya. Wannan ha'inci ne, kuma addininmu bai bar wa mai algus mafaka ba. Tun ran gini ran zane.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Satumban 2010 ambaliya ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, karatu ya tsaya. Can jami'a ce, duniya ta ji. Ƙauye kuwa, idan gadarsa ta tafi, kuɗin mota ne ke ninkawa, tumatir ya ruɓe a gona, shiru kake ji.

Mu ma da namu laifin. Masu haƙar yashi kusa da gindin gada 'ya'yanmu ne, kuma kowace tifa da suka cika a wurin, sun taya ruwa aiki.

Saboda haka ina roƙon masarautar Karaye da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su kafa kwamitin sa ido na mutanen gari, da injiniya a ciki, wanda zai ga takardar kwangila, ya tsaya a wurin kwaɓi. A hana ɗiban yashi kusa da gadar. A kuma sauka ƙarƙashinta a duba ginshiƙai da rani, lokacin da ƙafa ke iya isa, kada a jira watan Agusta.