Gyaran Gani da Hasken Leza: Tangarɗar da kan Auku da Abin da Takan Haifar

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan aikin da likitocin ido ke yi da hasken leza domin raba mutum da tabarau, da irin tangarɗar da kan auku a lokacin aikin, da yadda takan shafi ganin mutum daga baya. Batun ya cancanci a tsaya a kansa, domin a 'yan shekarun nan ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai daga Kaduna da kewayenta sukan nemi wannan aiki a Legas ko Abuja, wasu kuwa har Indiya ko Masar ko Dubai. Za a ɗauki mazaunin Rido, garin nan na Ƙaramar Hukumar Chikun da ke maƙwabtaka da matatar man fetur da aka buɗe a 1980, a matsayin misali, saboda yanayin wurin da nisansa daga inda ake aikin suna da tasiri a kan sakamako.

Akwai bambanci babba tsakanin wannan aiki da sauran ayyukan ido. Wanda yana ta rufe wa ido ya riga ya rasa gani, komai ya samu riba ne. Shi kuwa mai neman leza da lafiyayyen ido ya zo, tabarau kawai ya gaji da shi. Saboda haka duk wata tangarɗa a nan asara ce daga uwar kuɗi, watau garin neman ƙiba an samo rama.

Asalin aikin da yadda ake yinsa

A gaban ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashi, wanda likitoci ke kira koniya. Shi ne ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa bayan ido. Kaurinsa a tsakiya bai wuce rabin milimita da 'yan kai ba, watau wajen maikiron 540. In tantanin ya cika tudu, ko idon ya cika tsawo, sai mutum ya kasa hangen nesa. Hikimar aikin ita ce a sassaƙe tantanin a sauya masa siffa.

José Barraquer na Bogota, a ƙasar Kolombiya, shi ne ya share fagen wannan sassaƙa tun wajen 1960. A 1974 Svyatoslav Fyodorov na Rasha ya shahara da tsattsaga tantanin da wuƙa, amma wani bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa na shekara 10 a 1994, ya nuna kashi 43 cikin ɗari na idanun sun ci gaba da sauyawa suna karkata wajen zarcewar gyara. A 1983 Stephen Trokel ya nuna cewa hasken leza na iya cire naman tantanin ba tare da ya ƙona na kusa da shi ba. Wajen 1990 Ioannis Pallikaris na Girka ya haɗa dabarun biyu, ya sa wa aikin suna LASIK.

Ga yadda ake yi. Akan ɗiga maganin kashe zafi, a kafa wani zobe mai zuƙe iska ya riƙe idon, a yanko wani siririn murfi daga saman tantanin, mai kaurin maikiron 100 zuwa 160, a bar gefe guda a maƙale. Sai a ɗaga murfin, leza ta sassaƙe naman da ke ƙasa, a mayar da murfin ya kwanta ba ɗinki. Da farko da wata ƙaramar na'ura mai reza ake yankan. Daga wajen 2001 aka soma yin sa da wata lezar ta daban, abin da ya rage haɗarin yankan ƙwarai.

Tangarɗa a lokacin aikin

Mafi yawan tangarɗa daga yankan murfin take tasowa. Ta farko ita ce zoben ya saki idon ana tsakiyar yanka, ko don majiyyaci ya matse ido, ko don na'ura ta tsaya. A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, asibitin da ba shi da abin riƙe wuta nan take yana wasa da idon mutane ne. Sakamakon shi ne murfi rabi da rabi. Ta biyu ita ce murfin ya huje a tsakiya kamar ramin maɓalli, abin da ya fi samun mai tantani mai tudu sosai. Ta uku kuwa murfin ya gutsure gaba ɗaya, wannan ya fi samun mai shimfiɗaɗɗen tantani.

Abin lura a nan shi ne, ba tangarɗar kanta ce ta fi ɓata gani ba, matakin da likita ya ɗauka bayanta ne. In murfi ya huje ko bai kammalu ba, ƙa'ida ita ce a mayar da shi, a fasa harba leza, a jira kamar wata uku, sa'an nan a sake shiri, sau da yawa ta hanyar sassaƙa daga sama ba tare da murfi ba. Akasarin idanun da aka yi wa haka sukan koma kusan yadda suke. Amma in likita ya ji nauyin majiyyacin da ya biya kuɗin jirgi, ya ci gaba da aiki a kan yankan da bai daidaita ba, sai a sami tabo a tsakiyar gani da gargada wadda tabarau ba ya iya gyarawa.

Akwai kuma tangarɗar saiti. In idon ya kauce, sassaƙar ta faɗa gefe, mutum zai riƙa ganin abu da inuwarsa, fitilun mota da dare su zama masa kamar an watsa gari. Na'urorin yanzu suna bin motsin ido, saboda haka wannan ya ragu, ko da yake bai ƙare ba. Hatta iskar ɗakin aiki tana da hannu: in ta bushe ainun, leza takan ci nama fiye da lissafi, gyara ya zarce, in laima ta yi yawa, gyara ya gaza. Duk wanda ya san bambancin hunturu da damina a Kaduna zai gane dalilin da ya sa dole a daidaita sanyi da laimar ɗakin.

Abin da kan biyo baya

A kwanakin farko murfin na iya gocewa ko ya yi tamoji in an murza ido. Wani kumburi kan taru a ƙarƙashinsa, wanda aka bayyana a 1998, likitoci kuma suka yi masa laƙabi da yashin Sahara saboda kamanninsa. In an gano shi da wuri maganin ɗigawa kan isa, in an makara yakan cinye nama. Shigar ƙwayoyin cuta ba ta da yawa, amma tana iya kai wa ga dashen sabon tantani.

Bushewar ido ita ce ta fi yawa, domin yankan kan datse jijiyoyin da ke sa ido ya yi hawaye. Binciken da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta jagoranta, wanda aka buga a 2017, ya nuna fiye da kashi 95 cikin ɗari sun gamsu da ganinsu. Amma ya kuma nuna har kashi 28 na waɗanda ba su da bushewar ido sun same ta bayan wata uku, har kashi 46 na waɗanda ba su da wani koke sun soma ganin walƙiya ko zobe a kewayen fitila. Waɗanda abin ya hana wa harkokin yau da kullum ba su kai kashi 1 ba. Mutumin Rido da zai hau babur ya bi hanyar Kachia cikin ƙurar watan Janairu, lalle bushewarsa ba za ta zama daidai da ta mai zama a ofis mai sanyi ba.

Mafi muni shi ne tantanin ya raunana ya bulluƙo gaba bayan watanni ko shekaru, abin da Theo Seiler ya ba da rahotonsa a 1998. Shi ya sa ake son a bar aƙalla maikiron 250 na nama a ƙarƙashin murfi, da yawa ma sun fi son 300. Wannan ya shafi mutanen ƙasar nan ta fuska biyu. Bincike ya nuna tantanin baƙar fata, a matsakaici, ya fi na Turawa siranta. Sa'an nan ƙaiƙayin ido na yara ya yawaita a Arewa, yawan murza ido kuwa yana da alaƙa da cutar da ke sa tantani ya yi tsini. Mai ɓoyayyen farkon wannan cuta bai kamata a taɓa shi da LASIK ba. Tun 2003 likitocin Dresden a Jamus suka fito da hanyar ƙarfafa tantani da sinadarin ribofilabin da haske, amma tana tsayar da ɓarna ne kawai, ba ta mayar da abin da ya tafi.

Wani lahani kuma a ɓoye yake. Tantanin da aka sassaƙe yakan sa ma'aunin matsin ido ya nuna ƙasa da gaskiya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna gilakoma, wadda jama'a ke kira hawan jinin ido, ita ce ta biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido. Wanda bai gaya wa likita an taɓa yi masa leza ba, ana iya sallamarsa da cewa lafiya lau, alhali cuta na cinsa. Haka kuma in tsufa ya kawo yana, lissafin ƙwayar roba da za a sa masa yakan yi wuya.

Kammalawa

Aikin kansa ba ya wuce 'yan mintoci, amma sakamakonsa ya dogara ne a kan awon da aka yi kafinsa da kulawar da aka samu bayansa. Saboda haka ya kamata mai niyya ya cika shekara 18 aƙalla, lambar tabaraunsa ta tsaya cik har shekara guda, a auna kauri da taswirar tantaninsa, ya kuma tambayi likita abin da zai yi in murfi ya ɓaci. Mai ciki da mai shayarwa su dakata. Wanda ya fita waje kada ya kamo hanyar gida kafin likita ya sake duba shi, ya kuma dawo da takardun awonsa na kafin aiki da na bayansa, ya adana su kamar takardar fili.

Kaduna tana da Cibiyar Ido ta Ƙasa a hanyar Mando, wadda aka yi dokar kafa ta a 1979. Daga Rido ƙetare kogi ne kawai. Ya fi dacewa mutum ya fara jin ra'ayin likitan da ba shi ne zai karɓi kuɗin aikin ba, ya kuma san wanda zai duba shi in ido ya yi ja da tsakar dare. In awo ya nuna idonsa bai dace ba, to, ya riƙe tabaraunsa da daraja, domin tabarau in ya fashe akan sayi wani a kasuwa, naman ido kuwa in an sassaƙe shi ba ya tsirowa.