ABINCI DA CIWON RAUNIN MURHUN JIKI: JAWABI GA JAMA'A

Wannan jawabi ya shafi wani ciwo ne na gado wanda jama'a da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, ko da yake mai yiwuwa ne sun ga alamunsa a cikin danginsu. Likitoci suna kiransa ciwon mitokondiriya. An ɗauki birnin Maiduguri a matsayin misali domin zafinsa da irin abincin da ake samu a kasuwanninsa, amma abin da za a faɗa ya shafi kowane sashe na Nijeriya. Manufar jawabin ita ce a nuna cewa mai wannan ciwo ba ya jure wa yunwa kamar sauran mutane, kuma tsarin cin abincinsa shi ne babban abin da iyalinsa za su iya taimaka masa da shi.

MENE NE MITOKONDIRIYA?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai waɗansu 'yan abubuwa da ake kira mitokondiriya, waɗanda aikinsu ya yi kama da na murhu. Abinci shi ne itacen, iskar da ake shaƙa ita ce ke hura wutar, abin da ke fitowa kuwa shi ne ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin jiki daga waɗannan murahu yake fitowa. Saboda haka idan suka yi rauni, sassan da suka fi bukatar ƙarfi su ne ke fara nuna alama, watau ƙwaƙwalwa, da zuciya, da tsoka, da ido, da kunne, da hanji, da kuma gaɓar da ke yin sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini.

Wani likita na ƙasar Suwidin, Rolf Luft, shi ne ya fara bayyana irin wannan ciwo a 1962, bayan ya binciki wata mata mai yawan gumi da yawan ci, amma kullum a rame take. A 1988 masana a Landan da Amurka suka gano cewa kuskure a cikin ƙwayoyin gado na mitokondiriya kansu yana haddasa ciwo. A 1990 aka gano a Japan wani kuskure guda wanda ya fi saura yawa a tsakanin manya, sa'an nan a 1992 masana a Holan suka nuna cewa wannan kuskuren yana kawo ciwon sukari haɗe da kurumta. Wani ƙidaya da aka buga a 2015 daga arewa maso gabashin Ingila ya nuna cewa kimanin baligi 1 cikin 4,300 yana ɗauke da ciwon ko kuskuren da ke kawo shi.

Ƙwayoyin gado na mitokondiriya guda 37 ne, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsu. Uwa tana iya ba 'ya'yanta maza da mata, amma uba ba ya ba nasa. Akwai kuma waɗansu ire-iren ciwon da ake gada ta wajen iyaye biyu. Ba laifin kowa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma a ɗaukarsa ta cuɗanya. Har ila yau, 'yan ɗaki ɗaya sukan bambanta: wani ya kwanta, wani kuwa kunnensa kawai ya yi nauyi.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Ya kamata a yi tunanin wannan ciwo idan aka ga ciwon sukari ya kama mutum marar ƙiba tun yana ɗan shekara 30 ko 40, jinsa kuma yana raguwa, sa'an nan uwarsa ko kawunnansa ko 'yan'uwansa na ɗaki ɗaya suna da irin wannan. Sauran alamu su ne gajiya mai tsanani bayan ɗan aiki kaɗan, da saukar fatar ido, da wahalar haɗiya, da taurin bayan gida, da ciwon kai mai zuwa da amai, da farfaɗiya. Waɗannan alamu cututtuka da yawa suna kawo su, don haka likita ne kaɗai zai iya rarrabewa, kuma tabbatarwa sai da gwajin ƙwayoyin gado. Mutanen Borno da Yobe suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda aka buɗe a 1983. Akwai irinsa a Kano, da Zariya, da Sakkwato, da sauran manyan birane. Wanda ya je ganin likita ya tafi da cikakken labarin dangin uwarsa, domin wannan labari yakan fi gwaje-gwaje da yawa amfani a farkon bincike.

DOKA TA FARKO: KADA A ZAUNA DA YUNWA

Hausawa suna cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Mai lafiya idan ya wuni bai ci ba, jikinsa yakan juya ga kitsen da ya ajiye ya ƙona shi. Amma kitse ba ya ƙonuwa sai a cikin mitokondiriya, ga shi kuwa na marar lafiya sun raunana. Sai jiki ya shiga cin tsokarsa, wani sinadari mai tsami da ake kira laktik ya taru a jini, ciwon ya tashi.

Saboda haka maimakon a ci tuwo mai yawa sau 2 a rana, an fi so a raba abincin ƙanana ƙanana sau 5 ko 6. Alal misali, kunun gyaɗa da ƙosai da safe, nono da hantsi, burabusko ko shinkafa da wake da rana, 'yar gyaɗa da la'asar, tuwon gero da miyar kuka mai kifi da dare, sa'an nan ɗan abin taɓawa kafin a kwanta. Kada a tsallake karin kumallo. Mai tafiya mai nisa, kamar daga Maiduguri zuwa Kano, ya riƙe guzurinsa da ruwansa a hannu.

Batun azumi kuwa, addinin Musulunci ya yi wa marar lafiya rangwame, haka ma Kiristoci ba a tilasta wa marar lafiya. A Maiduguri zafin watannin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, kuma wuni ba ci ba sha a cikin irin wannan zafi haɗari ne ga mai wannan ciwo. Ya nemi shawarar likita tun kafin watan ya kama, sa'an nan ya kai wa malaminsa bayanin likitan domin a nuna masa abin da ya hau kansa, ko ramuwa ko ciyarwa. Bai kamata dangi su kunyata shi ba don sun gan shi a tsaye, gama ciwon a ɓoye yake.

DOKA TA BIYU: A CIYAR DA TSOKA

Masana a asibitin jami'a na Nijmegen a ƙasar Holan sun daɗe suna binciken abincin manya masu wannan ciwo. Sun tarar cewa da yawansu ba sa samun abin da ya ishe su, har waɗanda ake gani da jiki, domin kitse ne ke rufe ramar tsoka. Sun kuma nuna cewa idan aka tsara wa kowane marar lafiya abincin da ya dace da shi, akan sami sauƙin matsalolin ciki da ƙarin ƙarfin damtse. Baligi mai lafiya yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin, watau sinadarin gina jiki, ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Ga masu wannan ciwo akan nemi giram 1.2, watau mai kilo 60 ya sami kamar giram 72.

Ba sai an sayo kayan gwangwani daga waje ba. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Giram 100 na busasshen wake yana da fiye da giram 20, haka ma gyaɗa. Bandar kifin Tafkin Chadi da ake sayarwa a kasuwar hanyar Baga ta fi su duka, kuma ko an daka ta an zuba a miya amfaninta yana nan. Ƙuliƙuli, da awara, da kindirmo, da ganyen zogale duk suna taimakawa. Sai dai wanda ƙodarsa ta taɓu, shi likita ne zai ƙayyade masa.

Wanda haɗiya ke yi wa wuya a ba shi abinci mai laushi kamar faten wake da kunu mai kauri, ya ci a zaune, sannu a hankali. Mai taurin bayan gida ya yawaita ruwa da kuɓewa da gwanda, idan kuwa cikinsa ya kumbura yana amai, a kai shi asibiti nan take. Mai ciwon sukari irin wannan yawanci ba ya bukatar rage ƙiba. Abin da zai rage shi ne sukari da lemon kwalba, tuwonsa kuwa ya raba shi kashi kashi. A auna nauyi sau ɗaya a wata a rubuta, domin ramewa ba dalili alama ce ta komawa wurin likita.

DOKA TA UKU: RANAR ZAZZAƁI DA GUDAWA

Zazzaɓin cizon sauro, da amai, da gudawa su ne suka fi tayar da wannan ciwo, domin jiki yana bukatar ƙarin ƙarfi daidai lokacin da baki ya ƙi abinci. Bayan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na Maiduguri, mutane suka kwana ba abinci, sa'an nan cutar kwalara ta biyo baya a watan Oktoba. A irin wannan hali a sa mai wannan ciwo a sahun farko na ciyarwa, tare da yara da masu juna biyu. A tafasa ruwan sha, a ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti a gida, a dama shi cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. Idan amai ya hana kome zama a ciki, kada a jira gari ya waye. A kai shi a yi masa ƙarin ruwa. Haka kuma idan za a yi masa tiyata, a sanar da likita tun da wuri domin kada a bar shi da yunwa mai tsawo.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Waɗansu suna yaɗa wani tsarin abinci a intanet na barin hatsi gaba ɗaya a koma ga maiƙo da nama. Likitoci sukan yi amfani da shi ga waɗansu masu farfaɗiya, bisa sa ido sosai. Amma a wani gwaji da aka buga a 2016 daga ƙasar Finlan, manya 5 masu raunin tsoka irin wannan sun kamu da ciwon tsoka mai tsanani cikin mako 2, har aka dakatar da gwajin. Kada kowa ya gwada shi da kansa.

Haka nan kada a ƙarar da kuɗin cefane a kan ƙwayoyin bitamin masu tsada. Wani nazari na 2012 ya duba gwaje-gwaje 12 bai sami hujja bayyananniya ta amfanin magungunan da aka gwada ba, ko da yake akwai 'yan ire-iren ciwon da likita kan rubuta wa wani bitamin na musamman. Giya da taba suna ƙara raunana murhun jiki. Akwai kuma magunguna da ke bukatar hattara: metformin na ciwon sukari, da valproate na farfaɗiya, da allurar gentamicin wadda kan taɓa ji. Wanda yake shan ɗayansu kada ya daina da kansa, amma ya gaya wa likita labarin danginsa.

KAMMALAWA

Har yanzu yawancin ire-iren wannan ciwo ba su da maganin da ke warkar da su, amma masu shi da yawa suna aikinsu suna riƙe iyalinsu shekara da shekaru. Abin da ake bukata shi ne abinci a kan kari, da isasshen ruwa, da motsa jiki daidai ƙarfi kamar tafiyar ƙasa da sanyin safiya, da gaggawar zuwa asibiti ranar rashin lafiya. Ana roƙon masu unguwanni, da limamai, da malaman asibiti su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.