Mita Biyar a Fadama: Abin da Ya Kamata Mu Koya wa Ɗalibanmu

 

Dukkanmu mun san abin da ke biyo bayan ambaliya a ƙasar Haɗeja. A 2020 da 2022 kogi ya cika ya batse, ya shafe gonaki daga Auyo har Kiri Kasamma da Guri. Idan ruwa ya janye, sai a tarar ya tafi da kunyoyi da gamba da duk alamar da ke raba gonar wane da ta wane. A nan ne matashi zai zaro waya ya ce GPS za ta raba gardama. Wannan matashi ɗalibinmu ne, kuma haƙƙi ne a kanmu ya san iyakar abin da ke hannunsa.

Taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200. Waya tana auna lokacin da saƙo ya ɗauka daga taurari aƙalla huɗu, ta lissafo inda take. To amma saƙon yana ratsa wani sashe na sama da zafin rana ke cika shi da lantarki, sai ya yi jinkiri, agogon tauraro ma yakan ɗan kauce. Saboda haka ko a fili waya takan yi kuskuren kimanin mita biyar. Ga matafiyi mai neman hanyar Gumel wannan ba komai ba ne, amma a fadamar shinkafa mita biyar ta isa ta raba zumunci.

Masana sun samo gyara. Ana kafa tashoshi a ƙasa waɗanda aka san mazauninsu daidai. Su ne ke gano yawan kuskuren, su aika da gyara zuwa wani tauraro da ke nisan kimanin kilomita 36,000, shi kuma ya watso shi ga masu amfani. Da haka kuskure yake raguwa zuwa mita ɗaya ko biyu, kuma idan saƙo ya gurɓace ana yin gargaɗi cikin daƙiƙu. Amurka ta fara aiki da nata tsarin, WAAS, a 2003. Turai tana da EGNOS, Indiya tana da GAGAN. Mu ma ba a bar mu a baya ba: tauraronmu NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a watan Disamba na 2011, shi ne ya fara watsa irin wannan saƙo a 2020 tare da ASECNA, hukumar zirga-zirgar jiragen sama da maƙwabciyarmu Nijar take ciki. A Janairun 2021 aka gwada shi da jirgi a Lome.

Amfaninsa ga jirgi a bayyane yake. Mun san yadda hazon hunturu ke hana sauka a Kano, fasinja su kwana a filin jirgi. Wannan tsari yana nuna wa matuƙi hanya da tsayi lokacin sauka, ba sai an girke na'urori masu tsada a kowane fili ba. Alhazanmu da ke tashi daga Dutse suna cikin masu cin moriyarsa idan ya tabbata.

Sai dai mu gaya wa yara gaskiya. Ba kowace waya ke karɓar gyaran ba, kuma ko da shi, tsayar da iyaka aikin safiyo ne da kayansa, tare da shaidar mai unguwa da dattawa.

Muna roƙon abu biyu. Na farko, kowane malamin kimiyya ko labarin ƙasa ya kafa turke a filin makaranta, ɗalibai su rubuta lambobin da waya ta nuna safe da rana da yamma har mako guda. Za su ga turke yana nan, lambobi suna yawo, kuma ba za su manta ba. Na biyu, reshe ya nemi hukuma ta auna filayen makarantunmu a rubuta, tun kafin ruwa ko masu gini su ci su.

Allah Ya kare mu daga ambaliya, Ya albarkaci aikinmu.