Awon Jini Don Gane Kasawar Zuciya



Yau za mu yi magana ne a kan kasawar zuciya, watau raunin da kan hana zuciya tura jini gwargwadon bukatar jiki. Alamunta su ne haki bayan 'yar tafiya kaɗan, da kumburin ƙafafu, da sarƙewar numfashi in an kwanta. Amma fuka da ciwon ƙoda da ƙarancin jini su ma sukan zo da wasu daga cikin alamun nan. To, yaya ma'aikacin ƙaramin asibiti zai rarrabe?

Amsa tana cikin jini. Idan aiki ya yi wa zuciya yawa har naman jikinta ya miƙe, takan saki wani sinadari cikin jini domin ya sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa. Masana a ƙasar Japan ne suka gano shi a 1988, ana kuwa kiransa BNP. Yanzu akan ɗebi jini kaɗan a auna shi, ko kuma a auna ɗan'uwansa NT-proBNP.

Ga wanda ciwonsa ya zo sannu a hankali, in awon NT-proBNP bai kai 125 ba, da wuya a ce zuciya ce ta kasa, sai a nemi dalili a wani wuri. In ya haura haka, ba a yanke hukunci tukuna, domin tsufa da ciwon ƙoda sukan ɗaga shi, ƙiba kuma takan rage shi. Sai a tura majiyyaci babban asibiti a ɗauki hoton zuciyarsa.

Muna jawo hankalin mutane iri biyu musamman. Na farko, masu hawan jini, gama shi ne babban sanadin kasawar zuciya a ƙasarmu. Na biyu, mata masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan wannan cuta bayan haihuwa. Maigida, in maijego tana haki ko tana kumburi, kada ka ce gajiyar haihuwa ce.

Saboda haka ku garzaya asibiti mafi kusa, ku tambaya ko ana yin wannan awo. In ba a yi a wurin, ku nemi takardar zuwa inda ake yi. Akwai magunguna masu sauƙaƙa wa zuciya aiki, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya ba mu lafiya, amin.