Kulle Iyaka da Kulle Baki



Shugaban taro, iyayena malamai, abokan aiki, ɗalibai maza da mata, da 'yan kasuwar da na hango a kujerun baya, waɗanda na san sun bar rumfunansu a hannun yara don su zo nan, barkanmu da war haka.

A watan Satumba na 2023 wani ɗalibina na digiri na biyu ya shigo ofis, ya tsuguna ya gaishe ni, ya ce yana son ya sauya taken bincikensa. Da ma yana aiki ne a kan cinikin wake da dabbobi tsakanin Maraɗi da Katsina, kuma ya yi nisa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, in na rubuta irin wahalar da na gani a kan iyaka, za a ce ina goyon bayan juyin mulki. In kuma na taɓa sojojin can, dangin mahaifiyata suna can, su za a tambaya." Na ce wa ya kira ka? Ya ce babu. Wa ya yi maka barazana? Babu. Amma idanunsa sun yi ja, ya rame, ya ce rabonsa da barcin kirki tun farkon Agusta. A kan wannan yaro zan yi magana yau, ko da kun ji na zaga Yamai da Zariya.

Abin da ya faru duk mun sani, sai dai tuni. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun fadar shugaban ƙasar Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tchiani ya bayyana a matsayin shugaba. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira CEDEAO, suka zauna a Abuja, suka rufe iyakoki, suka dakatar da ciniki, suka ba da wa'adin mako guda da barazanar amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar da take turawa, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar. Sai gari ya ɗauka cewa yaƙi ya zo. Majalisar Dattawa ta ja wa Shugaba Tinubu burki, Khalifa Muhammadu Sanusi II ya je Yamai, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi baya, Janar Abdulsalami da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka yi ta kai-komo. Allah ya kiyaye, ba a harba harsashi ba. Takunkumin dai ya zauna har 24 ga Fabrairu 2024, iyakar kuma ba ta buɗe ba sai cikin Maris.

Wata bakwai da ɗoriya ke nan. A takardar sanarwa layi biyu ne. A Jibiya da Illela da Kamba da Maigatari da Kwangwalam kuwa, manyan motoci ne jere kamar an shanya, albasar Galmi tana ruɓewa a buhu, direba ya cinye guzurinsa ya shiga cin bashi, mai shayi da mai faci da ɗan dako duk sun zauna zugum. Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500, jihohi bakwai take shafa daga Kebbi zuwa Borno, kuma Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja ta a farkon ƙarnin da ya wuce, ta ratsa tsakiyar gonaki da zumunci. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin zuriyar sarakunan Katsina ne da suka yi arewa bayan jihadi. Wanda ya zauna a Abuja ya ce an rufe wa Nijar ƙofa, bai san cewa ɗakin da ya kulle rabinsa a cikin gidansa yake ba.

Kuma ba wannan ne karo na farko ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa da sunan hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, daga baya ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Illela da Maigatari sai Disamba 2020 aka buɗe su, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Wato mutumin Jibiya bai cika shekara ɗaya da rabi da shan iska ba aka sake jan ƙofa. Shin rufewar 2019 ta rage shinkafar waje, ko kuwa kuɗin ɗan babur da na jami'in kan hanya kawai ta ƙara? Manomin shinkafar Kebbi nawa ya samu, mai saye a Kano nawa ya rasa? Tambayoyin jami'a ke nan. Da mun amsa su da ƙididdiga mai kyau, mun buga, mun kai gaban masu mulki, da wataƙila a 2023 wani a ɗakin taron Abuja ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Wannan laifi ban cire kaina a ciki ba.

Kada a ɗauka Abuja kaɗai ke da kwaɗo da mabuɗi. Hukumomin Yamai su ma a Oktoba 2024 sun hana fitar da hatsi sai dai zuwa Mali da Burkina Faso, a 2025 kuma suka hana fitar da dabbobi ana gab da Babbar Sallah, kuma duk wanda ya je neman ragon layya a shekarar ya ji a aljihunsa. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ana nan ana shimfiɗa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Hannun dama na gina hanya, na hagu na toshe ta.

To ina ruwan 'yancin malamin jami'a da wannan? Manyanmu da ke zaune a gaba sun san amsar, don a gabansu aka yi. A 1985 Janar Babangida ya ce a fito a yi muhawara kan bashin IMF. Jama'a suka ce ba sa so. A 1986 aka kawo tsarin SAP, wanda shi ne sharuɗɗan bashin ba tare da sunansa ba: aka karya darajar naira, aka rusa hukumomin sayen gyaɗa da auduga da sauran amfanin gona, aka buɗe ƙofa ga kayan waje. A shekarar ne marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya fitar da littafinsa a kan Najeriya da IMF, inda ya kafa hujja cewa mafita tana cikin kasuwar gida. A shekarar ne kuma, ranar 23 ga Mayu, 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Kwamitin binciken da Janar Abisoye ya jagoranta ya fito da zargin da har yau ake tunawa, cewa waɗansu malamai suna koyar da abin da ba shi ake biyansu su koyar ba. Daga nan aka fara ɗauki ɗai-ɗai. Aka kori Festus Iyayi daga Jami'ar Benin a 1987. A 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot daga Zariya aka jefa shi jirgi zuwa Landan, aka haramta ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU, aka tsare Attahiru Jega. Bala Usman kansa an sallame shi a 1989, sai da kotu ta mayar da shi. A can ƙetare, ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka buɗe wuta a kan ɗaliban da suka fito a gadar Kennedy ta Yamai suna ƙin irin wannan tsari na tsuke bakin aljihu, uku suka mutu.

Ku lura da abin da ya haɗa su. Ba a taɓa korar malami don ya koyar da nahawu ba. Ranar da ya fara lissafa wa ya ci riba, wa ya yi asara a wata dokar ciniki, ranar ce ake tuna cewa gwamnati ke biyansa albashi. Masaƙun Kaduna da na Kano da suka mutu ɗaya bayan ɗaya sun isa shaida cewa mutanen nan ba shaci-faɗi suke yi ba. Ba wai duk abin da suka faɗa daidai ne ba, ni kaina akwai inda nake ganin sun zaƙe. Amma an yi musu raddi da takardar kora, alhali hujja ake yi wa raddi da hujja.

Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A Afrilu 2025, watan da Shugaba Trump ya ƙaƙaba wa kusan duk duniya harajin shigo da kaya, Najeriya ma ta samu kashi 14, a watan ne gwamnatinsa ta riƙe wa Jami'ar Harvard fiye da dala biliyan 2 don ta ƙi bin sharuɗɗan da aka gindaya mata. In gemun Harvard ya kama da wuta, ban san ruwan da zai ishi namu ba. Na faɗi wannan ne don masu tunanin guduwa can su huta.

Abin da ya bambanta zamaninmu da na su Bala Usman shi ne yanzu da wuya a turo mota a ɗauke ka. Ba a ma bukata. Malamin da ya yi wata takwas yana yajin aiki a 2022 ba albashi, aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira ta yi ta gangara, wannan malami ba ya jiran a ce masa yi shiru. Yana lissafin kuɗin makarantar yara, yana hangen wani ɗan kwamiti ko aikin zaɓe da zai rufa masa asiri, sai ya ga maganar iyaka ba tasa ba ce. Ga kuma Facebook da WhatsApp, inda aka raba wa kowa riga biyu: ko karen farautar Faransa, ko ɗan amshin shatan sojoji. Babu riga ta uku ta wanda ya je ya ƙirga motoci. Abin da ɗalibina ya gani ke nan, kuma daga wurinmu ya koya. Ya ga malamansa suna magana da ƙarfi a ɗakin shan shayi, suna rage murya a gaban allo.

Yanzu ga maganar zullumi, wadda na san ita ta kawo da yawanku. Ni ba likita ba ne, abin da na gani a kaina da ɗalibaina zan faɗa. A cikin Agustan 2023 ni ma na yi makonni ina kwana da waya a hannu, daga wannan saƙon murya zuwa wancan: an ga tankoki a wuri kaza, gobe za a kai hari, wani ya ji daga bakin wani. Da asuba in tashi kaina kamar an ɗora dutse, in shiga aji in kasa haɗa jimla. Uwargida ce ta fara ce mini, "Malam, kai ne ECOWAS ɗin?" Na yi dariya, amma maganar ta shige ni. Na gane cewa kashi mafi yawa na abin da ke hana ni barci ba labari ba ne, jita-jita ce, kuma duk daren da na ba ta, ban ƙara sanin komai ba. Na mayar da sauraron labarai sau biyu a rana, safe da yamma, a rediyo, kamar yadda iyayenmu ke yi. Na koma majalisar unguwa da na yi watanni ban zauna ba. Can na tarar da wani dattijo mai fataucin kanwa da dabino, wanda ya ga rufewar 1984 ta zamanin canjin kuɗi, ya ga ta 2019, yana ba da labarin kowacce da farashinta. Hirar sa'a guda da shi ta fi mini saƙo ɗari.

Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Hausawa, kuma fargaba a duhu take ƙiba. Mu da aikinmu shi ne neman sani, maganinmu yana cikin sana'armu. Ba ni da iko a kan abin da Tchiani ko Tinubu za su yanke gobe. Ina da iko in san nawa ake sayar da tiyar wake a Dawanau yau, nawa ake canza jikar sefa a Jibiya, in rubuta da kwanan wata. Wanda ya yi haka na wata shida zai ga damuwarsa ta samu iyaka, ta koma tambaya mai amsa. Addu'a kuwa ba na bukatar in tuna wa wannan taro, sai dai in ce mai addu'a ma yana zuwa gona.

Akwai kuma inda shawarar malami ke ƙarewa. Wanda ya yi makonni ba barci, abinci ya fita ransa, ƙirjinsa na bugawa ba dalili, ko ya fara jin rayuwar ma ta ishe shi, wannan ciwo ne kamar hawan jini, kuma ana maganinsa. Akwai asibitin Kware a Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Dawanau a Kano, akwai likitoci a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Mu daina ce wa ɗalibi "ka yi haƙuri kawai" alhali muna ganin yana narkewa a gabanmu.

Ɗalibin nan ban bar shi ya sauya take ba. Abin da muka yi shi ne muka cire sunayen duk waɗanda ya yi hira da su, har da sunayen ƙauyuka, na sa hannu a takardar gabatarwarsa da sunana a sama, na ce duk mai tambaya ya zo wurina. Ya koma kan iyaka da littafi da biro. Abin da ya dawo da shi bai yi wa Abuja daɗi ba, bai yi wa Yamai daɗi ba, kuma ya ce mini tun makon farko da ya fara ƙirga barci ya dawo masa. Har yau babu wanda ya zo wurina.

Roƙona biyu ne. Shugabannin sassa da ke nan, in ɗalibi ya kawo muku take mai zafi, kada ku ce ya nemi mai sanyi, ku sa hannu ku tsaya a bayansa. Ku kuma Alhazai na kujerun baya, na san kuna da tsofaffin littattafan lissafi na 2019 da 2023 a cikin akwati, da kuɗin mota da na hanya da asarar kowane buhu. In yaranmu suka zo, ku buɗe musu, ba za a rubuta sunan kowa ba.