Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Hukuncin Masu Buɗe Wasannin Intanet Ba Da Izini Ba

 

Na san a cikinmu akwai wanda da ya ga an ce za a yi lacca a kan wasan kwamfuta ya ce a ransa, ina ruwan manya da gem ɗin yara? Ina roƙon ya ba ni aron kunnensa. Abin da ya kawo ni tsohuwar tambaya ce da alƙalai ke fama da ita tun kafin a ƙera kwamfuta: idan mutum ya taɓa kayan wani, da wane mudu za a auna masa hukunci?

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Akwai wasannin da mutum ba ya yin su shi kaɗai. Dubban mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke shiga duniya guda ta intanet, suna kasuwanci, suna yaƙi, suna kafa ƙungiyoyi. Rabin wasan yana cikin kwamfutar ɗan wasa. Ɗaya rabin yana cikin wata babbar kwamfuta ta kamfani da ake kira uwar garke, ita ce ke riƙe da lissafin kowa: inda yake tsaye, abin da ya mallaka, wanda ya ci da wanda aka ci. In aka kashe ta, abin da ke hannun ɗan wasa ya zama kwangiri babu jirgi. To akwai masu ilimin manhaja da kan zauna su lura da saƙonnin da ke kai-komo tsakanin ɓangarorin biyu, har su gina tasu uwar garken, su buɗe wa jama'a ba da izinin kamfani ba. Su ne mutanen da muke magana a kansu yau.

Ga shari'ar da ta fi kowace tsayawa a raina. Kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da World of Warcraft a 2004, ana biyan kusan dala 15 a wata, kuma a 2010 masu biyan sun kai miliyan 12. A wannan shekarar wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya ta yanke hukunci kan wata mata mai gudanar da uwar garke ta bayan fage mai suna Scapegaming. Matar ba ta je ta kare kanta ba, aka yi hukunci a bayan idonta. An gano cewa ta tara kusan dala miliyan 3 daga hannun 'yan wasa, aka ce ta mayar. Aka ɗora mata dala 63,600 kuɗin lauya. Sannan aka zo kan babban kaya: dala miliyan 85 da dubu 478 da 600 a matsayin diyyar da doka ta ƙayyade. Jimla ta haura dala miliyan 88.

Daga ina wannan adadi ya fito? Dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA ta haramta karya makullin da mai fasaha ya sa wa aikinsa, ta kuma ce a kowane karyawa ɗaya ana iya biyan daga dala 200 zuwa 2,500. Sai aka ƙirga masu rajista a Scapegaming, aka samu 427,393, aka ninka da 200. Babu wanda ya tambaya ko mutum nawa daga cikinsu ne da za su biya Blizzard in da babu wannan kafa. Babu wanda ya ware wanda ya yi rajista ya leƙa sau ɗaya bai sake komawa ba. Kawuna aka ƙirga kamar ana karɓar jangali.

Ina so a fahimce ni. Wannan mata ta ci dukiyar da ba tata ba. Masu zane, mawaƙa, marubuta da injiniyoyi sun shafe shekaru suna gina wannan duniya, ita kuwa ta kafa rumfa a gefe tana sayar da guminsu. Mu nan ba baƙin wannan ciwo ba ne. Duk wanda ya san yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa a Kano ba zai raina haƙƙin mai fasaha ba. Malaman Musulunci ma sun tsaya a kan haka: Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Ƙwace miliyan 3 ɗin nan adalci ne. Ƙara mata tara mai zafi don wani ya ji tsoro, shi ma adalci ne. Inda na tsaya shi ne kan ninki 28 na abin da ta ci, kuɗin da kowa ya san ba za ta iya biya ba ko da za ta yi rayuwa goma. Bashin da ba ya biyuwa ba ya mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, ba ya kuma bar wa mai laifi ƙofar gyara.

Alƙalan Amurka da kansu sun ji nauyin wannan lissafi. A 2012 kamfanin Nexon, mai wasan MapleStory, ya kai ƙarar mai wata uwar garke da ake kira UMaple, mai 'yan wasa 17,938. Kamfanin ya nemi a ninka da 2,500, wato kusan dala miliyan 45. Alƙali ya ƙi, ya sauko zuwa mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda, kusan dala miliyan 3.6, kuma ya nuna a hukuncinsa cewa ko wannan ɗin ya zarce abin da ake buƙata don tsoratarwa. Ku dubi wannan hali: alƙali yana ganin mudun ya yi yawa, doka ta ɗaure masa hannu.

A gabashin Asiya maganar ta wuce tara, ta kai ga gidan yari. A Koriya ta Kudu, inda wasan Lineage na kamfanin NCSoft ya yi ta fama da masu bayan fage, dokar masana'antar wasanni ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 ko tarar won miliyan 50. A Sin, inda aka daɗe ana kama masu kwaikwayon wasan Legend of Mir, gyaran dokar laifuka da ya fara aiki a 2021 ya ɗaga iyakar ɗauri kan satar fasaha daga shekara 7 zuwa 10. Akwai dalili. Wasu daga cikin waɗannan wurare sana'a ce ta gungun mutane, da masu talla, da masu karɓar kuɗi, wasu ma gidajen caca ne aka lulluɓe da rigar wasa. Mai irin wannan sana'a in ya shiga hannu, ba ni da hawayen da zan zubar masa.

Matsalar ita ce ba kowane mai uwar garke ta bayan fage ne ɗan kasuwa ba. Tun a 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta samu masu aikin wata manhajar uwar garke mai suna bnetd da laifi, alhali 'yan sa-kai ne da suka rubuta manhajarsu suka raba kyauta. Sannan ga labarin Nostalrius. Blizzard ta yi ta sauya World of Warcraft, har a ƙarshen 2010 ta rushe tsohuwar taswirar ta sake gina ta. A lokacin, wanda ya yi ƙuruciyarsa a wasan na asali ba shi da inda zai same shi ko da kuɗinsa a hannu. A taron kamfanin na 2013 wani ya tambaya ko za a dawo da tsohon wasan, wani babban jami'i, J. Allen Brack, ya amsa masa cewa suna zaton suna so ne kawai, amma ba sa so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2015 wasu 'yan sa-kai suka buɗe Nostalrius, uwar garken tsohon wasan, a kan kwamfutocin haya a Faransa, ba su karɓi kuɗin shiga ba. Masu rajista suka kai 800,000, masu shiga a kai a kai kusan 150,000. A watan Afrilun 2016 takardar lauyoyin Blizzard ta iso, suka rufe.

Ku yi lissafin da aka yi wa Scapegaming a kan waɗannan mutane: 800,000 sau 200, dala miliyan 160 ke nan. Wanda bai sayar da komai ba zai fi wadda ta ci miliyan 3 shan hukunci, don kawai aikinsa ya fi kyau, jama'a sun fi zuwa. A nan ne ƙirgen kawuna yake tona asirin kansa.

Abin da ya biyo baya ya fi kowace hujja tawa ƙarfi. Mutane sama da 200,000 suka sa hannu a takardar koke. Blizzard ta gayyaci masu Nostalrius zuwa hedikwatarta. A 2017 ta sanar da cewa za ta dawo da tsohon wasan, a watan Agustan 2019 ta fito da World of Warcraft Classic, jama'a suka yi dafifi har ana jiran layi na sa'o'i kafin a shiga. Waɗanda doka ta kira masu laifi su ne suka nuna wa kamfani kasuwar da ya ce babu ita.

Akwai rukuni na uku, masu raya wasan da mai shi ya kashe. NCSoft ta rufe City of Heroes a 2012, bayan shekara 8 mutane suna biya suna gina rayuwa a cikinsa. Wasu masoyansa suka raya shi a ɓoye, asirin ya fito a 2019, kuma a watan Janairun 2024 kamfanin ya ba masu wata uwar garke ta masoya mai suna Homecoming lasisi a hukumance. Jiya masu laifi, yau abokan hulɗa, kuma aikin nasu bai sauya ba. A ƙarshen Maris na 2024 Ubisoft ta kashe uwar garken The Crew, wasan da mutane suka saya da kuɗinsu ya daina aiki ɗungurungum. Daga nan yunƙurin Stop Killing Games ya taso, koken da aka kai wa Tarayyar Turai ya haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. Wani bincike na Video Game History Foundation a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ya daina sayar da abu, ya kuma hana kowa adana shi, wace asara zai nuna wa alƙali? Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ɗan sassauta a 2015 da 2018, ya ba gidajen tarihi da ɗakunan karatu damar adana wasu wasannin, amma ƙofar ƙarama ce, ba ta ɗauki talakan ɗan wasa da abokansa masu son buɗe uwar garke ba.

Kamfanoni suna da tasu amsar, kuma ya kamata mu saurare ta. Suna cewa in suka kawar da kai yau, gobe kare haƙƙinsu zai yi wuya. Suna cewa auna asara ta gaskiya a intanet abu ne mai wahala, shi ya sa doka ta yanka adadi tun farko. Suna cewa mai uwar garke ta bayan fage yana riƙe da bayanan yara da kuɗin mutane ba tare da mai sa masa ido ba. Duk gaskiya ne. Wahalar awo dalili ce ta ba alƙali sarari ya yi amfani da hankalinsa. Ban ga yadda za ta zama dalilin ɗora wa mutum abin da ya ninka laifinsa sau ashirin da takwas ba. Kuma lasisin Homecoming ya nuna cewa kamfani na iya riƙe haƙƙinsa ta hanyar ba da izini, ba sai ta hanyar rushewa ba.

Fiƙihunmu ya san wannan ma'auni. A babin lamuni, wanda ya ɓata kayan wani yana biyan irinsa ko ƙimarsa. Ko a haddin sata, malamai sun gindaya sharuɗɗa: sai kayan sun kai nisabi, sai an ɗauke su daga ma'ajiyarsu, sai babu shubuha. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa domin ya dubi halin da ya kai mutum ga aikin. Wanda ya gaji wannan tarbiyya ba zai yarda a haɗa mai cin riba, da mai sa-kai, da mai adana abin da aka yasar a turmi ɗaya ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Kafin a yanke hukunci, alƙali ya san nawa mutumin ya ci, a ƙwace shi duka, a ƙara masa tara gwargwado. Ya san ko kamfanin yana sayar da wannan wasan a wannan siffar a lokacin, domin inda babu ciniki asara ba ta da yawa. Ya san ko an gargaɗi mutumin ya rufe ko ya yi taurin kai. Gidan yari a bar shi ga masu gungu, masu caca da masu damfara. Wanda bai ci riba ba, umarnin rufewa ya ishe shi. Wasan da mai shi ya kashe kuwa, doka ta buɗe hanyar da za a raya shi a fili.

Ɗalibaina na shari'a, wannan magana tana kan hanyarta zuwa teburinku. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ita ma ta haramta karya makullin fasaha, kuma matasanmu suna koyon rubuta manhaja kullum. Wata rana za a tsayar da ɗayansu a gaban ɗayanku, lauyan kamfani ya miƙo takarda mai ɗauke da yawan masu rajista. Ranar nan, kafin ka ɗauki alƙalami ka ninka, ka tambayi yaron abin da ya ci, ka tambayi kamfanin abin da ya rasa, ka sa hukuncinka tsakanin amsoshin biyu.