Idan Inna Za Ta Je Ganin Ɗiya a Ƙasar Waje: Jawabin da Kwamitin Wayar da Kai Ya Gabatar a Taron Cikar Shekara

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, 'yan uwa na Gwandu da na Kalgo, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

An ba mu 'yan mintoci, to za mu yi amfani da su a kan wata magana da ta fara yawa a cikinmu. 'Ya'yanmu sun watsu. Wasu na aikin jinya a Ingila, wasu na karatu, wasu aure ya kai su Jidda ko Madina. Sai ɗiya ta haihu, a ce Inna ta zo ta yi mata zaman jego. Abin farin ciki ne, amma akwai shirin da in ba a yi ba, sai tsohuwa ta je har bakin ƙofa a juyo da ita, kuɗi sun tafi, ga kunya.

Mu fara da fasfo. A ofishin hukumar shige da fice na Birnin Kebbi ake yin shi, kuma sai da lambar NIN. Ku duba da kyau: suna da ranar haihuwa da ke jikin NIN su zo daidai da na takardun banki. Iyayenmu da yawa ƙiyasi aka yi musu na shekaru, sai ka ga nan 1958, can 1962. A gyara tun kafin a nemi biza. Fasfo iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara 5 da mai shafi 64 na shekara 10. Wadda za ta riƙa zuwa tana dawowa, na shekara 10 ya fi mata sauƙi. Saudiyya ma ba ta karɓar fasfon da wa'adinsa bai kai saura wata 6 ba.

Sai biza. Nan ne mutane ke ruɗewa, don haka a saurara. Ingila na ba da bizar ziyara mai dogon wa'adi, ta shekara 2, ko 5, ko 10. Wannan wa'adin na shiga da fita ne. Kowane zuwa, zama ba ya wuce wata 6. Wadda ta zarce da fiye da kwana 30, ana iya hana ta komawa na shekara guda ko fiye. Haka kuma in suka ga Inna ta yi wata 6, ta dawo gida mako biyu, ta sake komawa, za su ce ta mai da ƙasarsu gida, su hana ta shiga. Baƙo raɓa ne, haka suke kallon abin. Bizar ziyara ba ta ba da damar aiki, ko da na raino ne da za a biya ta. Ana iya nema tun saura wata 3 tafiya, amsa kan ɗauki kamar mako 3, kuma dole ta je cibiyar neman biza, kamar ta Abuja ko Legas, a ɗauki hoton yatsunta. Kada a sayi tikiti sai biza ta fito.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye a matsayin ƙungiya. Masu ba da biza abu biyu suke son gani: wa zai ɗauki nauyin tafiyar, kuma me zai dawo da ita gida. Sau da yawa dabarar da ake yi ita ce a ranto kuɗi masu yawa, a zuba a asusun tsohuwa ana saura kwana kaɗan, don a ga tana da hali. 'Yan uwa, wannan dabarar ita ke kashe takarda. Asusun da ya saba ganin dubu 30 a wata, kwatsam ya ga miliyan 5, tambaya zai jawo. Don haka muna roƙon kada a nemi lamunin ƙungiya don a yi wa asusu ado. In ɗiya ce za ta biya, a rubuta haka, ta turo takardar gayyata da shaidar aikinta da ta wurin zamanta. Ita kuma Inna ta nuna abin da take da shi na gaskiya: gonar shinkafarta ta fadama, kasuwancin albasarta, littafin ajiyarta na ƙungiya, maigida da sauran 'ya'ya da ke gida. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a Ingila takardar bogi na jawo haramci na shekara 10. Duk wani ɗan kamasho da ya ce ku bar masa komai, ya san hanya, to ku riƙe kuɗinku.

Abu na gaba, biza ba ita ce shiga ba. Jami'in da ke filin jirgi can shi ke da maganar ƙarshe. Ku tuna a watan Nuwamba na 2023, jirgi ya sauka Jidda da fasinjoji 264 daga Najeriya, aka bar 87 suka shiga, aka juyo da 177. Saboda haka a shirya Inna tun daga gida. Ta san sunan wadda za ta je wurinta, da garin, da dalilin zuwanta, da ranar dawowarta. A sa mata a jakar hannu: tikitin dawowa, takardar gayyata, adireshi da lambar wayar ɗiyar, da katin rigakafin shawara. In ba ta jin Turanci, ta nemi tafinta, kada ta riƙa cewa "eh" ga abin da ba ta gane ba. Ita kuma ɗiyar ta kasance a filin jirgin, wayarta a kunne.

Masu zuwa Saudiyya, bizar ziyarar dangi ba ta aikin Hajji ba ce. A 2025 hukumomin can sun sanar da tarar da ta kai riyal dubu 20 ga mai yin Hajji ba izini, da kora, da hana shiga na shekara 10. Kada son ibada ya jefa tsohuwa cikin ɓuya.

Sai kaya. Mun san halinmu, ba a zuwa ganin mai jego hannu rabbana. To Ingila ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, wato kilishi da dambun nama da man shanu su tsaya gida. Saudiyya kuma ba a kai mata goro. Babban gargaɗi: kada Inna ta karɓi saƙon kowa da ba ta ga cikinsa ba. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya kan ƙwayoyin da aka maƙala wa jakarsu sunanta ba da saninta ba, sai a Afrilun 2019 aka sake ta bayan gaskiya ta bayyana.

Lafiya kuma, kada a manta da ita. Mai hawan jini ko ciwon suga ta tafi da maganin da zai ishe ta, cikin kwalinsa, da takardar likita. A saya mata inshorar lafiya, domin baƙo in aka kwantar da shi a asibitin Ingila biya yake yi, kuma da tsada. In ƙafa na damunta, a nemi keken guragu wurin kamfanin jirgi aƙalla kwana 2 kafin tashi. A kuma duba lokaci: a Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi a Landan, ga sanyin da ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba. Tsohuwar da ta saba da shiga maƙwabta, kaɗaici na iya kwantar da ita. A tambaye ta wata nawa take jin za ta iya, kada a yanke mata.

Shawararmu ga shugabanni ita ce a buɗe wani adashi na musamman na tafiyar iyaye, a riƙa zubi tun shekara guda kafin lokaci. Duk mai shirin tafiya kuma ta zo mu duba takardunta tare, matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya kai iyayenmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya raya jikokin.